Yadda Ake Bin Salsalar Kamfanin da Ya Ƙera Tsohon Akwatin Wutar Lantarki

A ƙauyukan da ke kewaye da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ya raya noman rani har injinan casar shinkafa suka yawaita, da yawa daga cikin manyan akwatunan rarraba wutar lantarki da ake aiki da su ba sababbi aka sayo su ba. Gwanjo ne, an kwance su daga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka rufe, aka ɗora a bayan mota aka kawo nan, kuma wasunsu sun girmi yaran da ke kunna su kowace safiya. Muddin suna aiki, babu mai kula da sunan da ke jikinsu. Sai ranar da bireka ta ƙi kamawa, ko rile, wato na'urar da ke sa bireka ta yanke wuta idan an sami matsala, ya daina katse wuta a lokacin da ya kamata, sannan mai inji zai nufi kasuwar Sabon Gari da guntun ƙarfe a leda, ya dawo da labarin da kowa ya saba ji, wai kamfanin da ya ƙera kayan ya daɗe da mutuwa, don haka a sayi sabo kawai.

A iya shekarun da na yi ina wannan sana'a, na ga ba kasafai maganar nan ke zama gaskiya ba. Kamfanonin ƙera kayan kunnawa da katse wuta ba sa mutuwa su bar dukiya babu magaji. Wani ne yake saye su, ko su haɗe da wani, ko a raba sassansu kamar yadda ake raba gado, gona ta tafi wajen wannan, gida ya tafi wajen wancan. Wanda ya iya bin wannan salsala zai san shekarun akwatinsa, ya san wanda ya gaji zanensa da takardunsa, ya kuma san ko gyara ya kamata ko canji. Ga yadda nake bin ta.

Aikin yana farawa ne daga farantin suna, wato ɗan gwangwanin alminiyam ko tagulla da aka kafe a jikin ƙofa ko a gefen akwatin. Galibi a waje yake, saboda haka ba ka da dalilin buɗe komai kafin ka karanta shi. Idan kuwa a ciki yake, to kada hannunka ya taɓa ƙofar sai an katse wuta daga tushe, an kashe janareto, an gwada an tabbatar babu wuta. A kayan bolt 11,000 kuwa wannan ma bai isa ba, domin sai ma'aikatan KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, sun cire layin, kuma ƙwararre mai lasisi ya ɗaure wayar ƙasa kafin a kusanci cikinsa. Farantin yakan kasance a rufe da ƙurar hunturu da dusar shinkafa da suka haɗu da maiko suka zama ɓawo, wani lokaci kuma mai fenti ya bi ta kansa da buroshi. Ka goge shi da tsumma mai ɗan kananzir, a hankali. Kada ka sa yashi ko takardar goge ƙarfe, domin lambobin da aka buga da hannu ba su da zurfi, kuma da zarar sun shafe sun tafi ke nan. Idan rubutun ya dushe, ka haska tocila daga gefe maimakon daga gaba, inuwar za ta fito da haruffan; ko ka ɗora farar takarda a kai ka goga fensir, kamar yadda yara ke fitar da hoton kwabo. Ka ɗauki hoto da waya, sannan ka kwafe komai a littafi harafi da harafi, har da ɗigo da layin da ke tsakanin lambobi.

Abubuwan da kake nema su ne sunan kamfani kamar yadda aka rubuta shi daidai, da garin da masana'antar take, da samfurin kayan, da lambar ƙira wadda ta keɓanta da wannan akwatin shi kaɗai, da shekara idan an buga ta, sai kuma ƙarfin wutar da yake ɗauka. A cikinsu duka, yadda aka rubuta sunan ne ya fi ba da labari, kuma a nan ne nake so in daɗe.

Shekaru kaɗan da suka wuce wani Alhaji mai injin casa ya aiko a kira ni a tsakiyar kakar shinkafa, lokacin da buhuna suka cika harabar gidan injin kuma kowace awa ta tsayuwa asara ce. Akwatin da ke karɓar wuta kafin taransifoma ne ya fara katsewa babu dalili, kuma wani ɗan kasuwa ya riga ya yi masa lissafin sabon akwati gaba ɗaya. Na samu yaronsa tsaye a gefe yana cewa, “Maigida, ai sunan ma ba ya karantuwa.” Da muka goge farantin sai ga rubutu ya fito sarai: NEI Reyrolle, da sunan garin Hebburn a ƙasa. Bayan an katse layi mun buɗe, sai muka tarar zanzaro ya gina ɗakunan laka har cikin gidan rile, ga busasshen ƙadangare a kwance a kan wayoyi. Alhaji ya tambaye ni, “Malam, wannan kamfanin yana nan kuwa?” Na ce masa, “Ranka ya daɗe, sunan yana nan, sai dai ya koma gidan wasu.”

Tarihin wannan kamfani shi ne misalin da nake koyar da yara da shi, saboda duk irin sauyin da kan sami masu ƙera waɗannan kaya ya same shi. Wani Bafaranshe mai suna Alphonse Reyrolle ne ya kafa shi a Landan a 1886, yana ƙera ƙananan kayan aikin kimiyya. A 1901 ya mayar da masana'antar garin Hebburn a bakin kogin Tyne, a arewa maso gabashin Ingila, yankin da a wancan zamani ya cika da ma'adinan kwal da wuraren ƙera jiragen ruwa masu tsananin buƙatar lantarki. A nan ne wani injiniyan kamfanin, Henry Clothier, ya inganta tsarin da ya ɗaukaka sunansu, wato rufe dukkan sassan da ke ɗauke da wuta a cikin sulken ƙarfe da aka haɗa da ƙasa, ta yadda ko tartsatsi ya tashi ba zai iske ma'aikaci ba. Kafin wannan, manyan maɓallan wuta a fili suke a jikin allo, mutum yana tsaye a gabansu. Duk akwatin ƙarfe da kake gani yau a gidan inji, jikan wannan tunani ne. Kamfanin ya bunƙasa har ya ɗauki dubban ma'aikata, kayansa kuma suka bazu a ƙasashen da ke bin tsarin lantarki irin na Birtaniya.

Daga nan sai sunan ya fara sauyawa. A 1968 Reyrolle ya haɗe da C. A. Parsons, masu ƙera manyan injinan samar da wuta, aka sami Reyrolle Parsons. A 1977 wannan ya haɗe da Clarke Chapman aka kafa Northern Engineering Industries, wanda ake taƙaitawa NEI. A 1989 Rolls-Royce ya saye NEI, a 1998 kuma ya sayar da ɓangaren Reyrolle ga VA Tech na ƙasar Ostiriya, sannan a 2005 Siemens na Jamus ya saye VA Tech. Har yanzu Siemens yana fitar da rile masu ɗauke da sunan Reyrolle. Ka ga ke nan haruffa uku da ke gaban sunan a farantin Alhaji sun gaya mana cewa ba a ƙera akwatin kafin 1977 ba, jerin sayayyar kuma ya nuna mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Rile na zamani muka sa a gurbin tsohon, aka gwada shi, aka bar sauran akwatin a inda yake.

Da wannan idon za ka karanta sauran sunayen da ake yawan cin karo da su. Akwai babban gida na Ingila da ya haɗiye sunaye da dama: kamfanin GEC ya saye AEI a 1967, ya haɗe da English Electric a 1968, saboda haka farantin da ke ɗauke da ɗaya daga waɗannan tsofaffin sunaye biyu shi kaɗai galibi ya kai shekara hamsin ko fiye. A 1989 ɓangaren lantarki na GEC ya haɗe da Alsthom na Faransa aka sami GEC Alsthom, a 1998 kuma aka cire harafin h daga sunan ya zama Alstom. Harafi ɗaya ne, amma yana raba maka zamani biyu. A 2004 aka sayar da sashen dakon wuta da rarraba ta ga Areva, sannan a 2010 aka raba shi gida biyu: kayan manyan layuka suka koma Alstom, daga baya a 2015 suka shiga hannun General Electric na Amurka, kayan rarrabawa irin na bolt 11,000 da 33,000 kuma suka koma Schneider Electric. Wannan rabon ne ke ɓatar da mutane, domin akwatuna biyu masu suna ɗaya a jiki suna iya zama da magada daban. Irin akwatunan da ke gidajen injinmu na karkara galibi suna cikin kashi na biyu.

Schneider ɗin kansa shi ne magajin Merlin Gerin, kamfanin da Paul-Louis Merlin da Gaston Gerin suka kafa a garin Grenoble na Faransa a 1920, kuma shi ne ya saye Telemecanique a 1988 da Square D na Amurka a 1991. Tsofaffin masu gyara har yanzu “Malin Jerin” suke tambaya a kasuwa, alhali sabon kayan sunan Schneider ke jikinsa. Idan ka ga ASEA ko Brown Boveri, to gida ɗaya ne yanzu: na farko ɗan Suwidin ne da aka kafa a 1883, na biyu ɗan Suwizalan da aka kafa a 1891, suka haɗe a 1988 suka zama ABB, ko da yake ɓangaren manyan layuka da taransifoma ya koma hannun Hitachi na Japan a 2020. Shi kuwa giya-suwic mai tambarin MEM, wanda kusan babu tsohon shago ko makaranta da ba za ka same shi a bango ba, na kamfanin Midland Electric Manufacturing ne na birnin Birmingham, kuma tun 2003 yana hannun Eaton na Amurka, wanda ya ƙara da sayen Moeller na Jamus a 2008.

Ba sai ka haddace wannan jerin ba. Abin da ake so shi ne ka riƙe hanyar: ka rubuta sunan a intanet kamar yadda yake a faranti, ka nemi wanda ya saye shi da shekarar da aka saya, ka sake neman wanda ya sayi mai sayen, har ka iso ga kamfanin da ke da ofis a yau. A kowane mataki ka tambayi kanka ko dukkan kamfanin aka sayar ko wani sashe ne kawai, kuma ko irin kayanka yana cikin sashen. Ka fi dogara da shafin kamfanin kansa da tsofaffin littattafan kayansa fiye da shafukan dillalai, domin dillali abin da ke shagonsa yake tallatawa.

Wani lokaci farantin ba shi da shekara, ko tsatsa ta cinye gefen da take. To akwai wasu alamomi da ke taimakawa. Duk abin da aka rubuta masa “West Germany” an ƙera shi ne kafin haɗewar Jamus a 1990, wanda kuma ke ɗauke da sunan Czechoslovakia ya riga 1993, shekarar da ƙasar ta rabu biyu. Lambar wayar ofis da aka buga a takardar da ke manne a bayan ƙofa ita ma shaida ce: lambar Landan da ta fara da 01 ta riga 1990, mai 071 ko 081 tana tsakanin 1990 da 1995, mai 0171 ko 0181 tana tsakanin 1995 da 2000, daga nan aka koma 020. Tambarin CE a jikin ƙananan kayan lantarki na Turai abu ne na tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama. Launin wayoyin ciki ma yana magana, domin ja da rawaya da shuɗi tsohon tsarin Birtaniya ne, wanda suka fara sauyawa zuwa ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka a 2004. Sai dai wannan shaida ce mai rauni a nan, tunda mu har gobe da tsofaffin launukan muke aiki, kuma ba ka san hannu nawa ne ya sake wa akwatin waya ba. Idan kuma ka ga hatimin mallaka na hukumar lantarki, ka tuna cewa ECN ta rigayi NEPA, wadda aka kafa a 1972, PHCN ta zo a 2005, kamfanonin rarrabawa irin su KEDCO kuma suka karɓi aiki a 2013. Hatimin yana nuna lokacin da kayan ya shiga hannun hukumar ne, ba ranar da aka ƙera shi ba.

Sanin shekara ba don sha'awar tarihi kawai ba ne, domin shi ke gaya maka abin da za ka tarar a ciki. Tsofaffin manyan bireka da mai suke kashe tartsatsi, kuma man nan yana lalacewa idan ya sha danshin damina ko ya yi baƙi da gawayin tartsatsi, saboda haka gwada shi ake yi a na'ura, ba da ido ake duba shi ba. Waɗanda suka biyo baya suna amfani da kwalbar da aka zuƙe wa iska, ko da iskar SF6 da aka rufe a ciki, kuma waɗannan ba a buɗe su a gidan inji ko kaɗan. A tsofaffin akwatunan fis kuwa, irin masu mariƙin tangaran da ake ɗaura wa siririyar waya, sau da yawa farin ƙyallen da ke ƙarƙashin wayar asbestos ne, wanda ƙurarsa ke illata huhu bayan shekaru. Kada ka hura shi da baki, kada ka kankare shi, kada ka bar yaro ya share shi da tsintsiya. Irin wannan akwatin, a ra'ayina, canji ya fi dacewa da shi ko da yana aiki.

Akwai lamba guda da nake roƙon kowa ya kula da ita fiye da sauran, ita ce ƙarfin katsewa, wato mafi girman wutar da bireka za ta iya yankewa idan wayoyi suka haɗu ba tare da ta fashe ba. Mutane amfiya kawai suke dubawa, su ce wannan 400 ce waccan ma 400 ce, alhali ɗaya tana iya katse ninkin abin da ɗayar za ta iya. A tsofaffin farantai da MVA ake rubuta wannan ƙarfi, a sababbi kuma da kA, abin da ke rikita mai saye idan yana kwatanta tsoho da sabo. Misali, 250 MVA a layin bolt 11,000 daidai yake da kusan 13.1 kA. Ka duba kuma ko an rubuta 50Hz, wato saurin juyawar wuta, wanda shi ne namu. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka 60Hz ne, ƙarfin bolt ɗinsu ma daban yake da 415 da muke aiki da shi, kuma suna shigowa cikin gwanjo jefi-jefi.

Idan ka gano magajin, sai ka rubuta masa ko ka je wajen wakilinsa da ya amince da shi. Ka aika hoton farantin, da hoton akwatin gaba ɗaya, da na sashen da ya lalace tare da ma'auni a gefensa don a ga girmansa, ka kuma faɗi abin da kayan ke yi a taƙaice. Tambayoyinka uku ne: ko har yanzu ana ƙera sashen, ko akwai na zamani da aka tsara ya zauna a gurbinsa, da kuma ko za a iya ba ka littafin aikin wannan samfurin. Kada ka yi mamaki idan amsar ta farko ta zama a'a, domin gadon suna ba ya tilasta wa kamfani ya ci gaba da ƙera abin da aka zana shekara arba'in da suka wuce. Amsa ta biyu ce ta fi amfani, tunda manyan kamfanonin nan suna da tsarin sa sabuwar bireka ko sabon rile a cikin tsohon gida. Littafin aikin kuma, ko da kwafi ne a waya, yana nuna maka inda ake sa maiko, da tazarar da ta kamata tsakanin haƙoran da ke haɗa wuta, da yadda ake saita rile, abubuwan da in babu shi sai dai a yi ta kirdado.

Wannan ilimi yana kuma kare ka daga jabu. Wanda ya san cewa an daina rubuta Alsthom da h tun 1998, ko cewa sunan ASEA shi kaɗai ya tsaya a 1988, ba zai karɓi kaya mai ƙyalli a sabon kwali da irin wannan suna a matsayin ƙirar bana ba. Ko dai tsohon ajiya ne, ko an yi wa gwanjo fenti, ko kuma an buga tambarin ne a wani lungu. Tsohon ajiya ba laifi ba ne idan mai shago ya faɗa maka gaskiya kuma farashin ya nuna haka, amma sai an gwada shi kafin a ɗaura. Ka ɗaga bireka ka ji nauyinta a hannu, ka duba ko rubutun jikinta yana gogewa da yatsa, ka kwatanta lambarta da wadda ke littafin kamfanin. An taɓa kawo mini wata da aka sayo da araha, muka fasa ta don mu gani, sai muka tarar babu komai a ciki sai maɓalli da guntun ƙarfe da aka liƙa don ta yi nauyi. Da an ɗaura ta, wuta za ta riƙa wucewa lafiya har ranar da ake buƙatar ta katse.

Abu na ƙarshe da nake yi a kowane gidan inji shi ne in bar littafi. Ƙaramin littafin makaranta ya isa, a sa shi a leda a rataye a bango kusa da akwatin, ba a cikinsa ba. A shafin farko nakan kwafe duk abin da ke farantin, in rubuta jerin sunayen kamfanin daga na asali zuwa na yau tare da shekarunsu, da inda aka sayo akwatin idan mai shi ya tuna. Sauran shafukan na gyare-gyare ne: ranar da aka yi, abin da aka canja, lambar sabon sashen, da saitin da aka bar rile a kai. Nakan kuma toshe ramukan shigar waya da abin toshewa mai jure zafi saboda zanzaro da ɓera, in gargaɗi mai fenti ya liƙe farantin da salatif kafin ya fara aiki. A gidan injin Alhaji, yaron nan da ya ce sunan ba ya karantuwa shi ne yanzu yake riƙe da littafin, kuma duk ƙarshen hunturu yakan goge farantin da tsumma ya rubuta kwanan wata.